Daren Da Ba A Yi Ba

Rayén ta aiko min da lissafin ta waya:
Baba, daga Santiyago zuwa Sidni
kilomita dubu goma sha ɗaya ne da ɗoriya,
awa goma sha huɗu, in iska ba ta yi gardama ba.
Na karanta sau uku, na ajiye guduma.
Ni da awona bai taɓa wuce tafin ƙafa ba,
shekara arba'in da ɗaya a titin Biktoriya
ina auna mutane daga diddige zuwa babban yatsa,
a wane aljihu zan sa wannan lamba?

Na gwada ta da taku.
Na ce, in mutum ya tasar mata a ƙasa
takalmi nawa zai cinye, irin ɗinkina?
Na kai goma sha ɗaya ina jin daɗin cinikin,
sannan na tuna duk ruwa ne.

Talata, rana tsaka, muka tashi.
Duwatsunmu suka bi mu da ido kaɗan, suka haƙura.
Daga nan shuɗi.
Shuɗi a sama, shuɗi a ƙasa, babu ɗinki tsakani.
A bayan kujerar gabana wani ɗan jirgi
mai girman ƙwayar shinkafa
yana rarrafe a kan taswira,
in ka dube shi ya tsaya, in ka kau da kai ya ɗan matsa.
Saurayin da ke gefena ya ci abinci, ya yi barci,
ya farka, ya sake ci.
Ni kuwa ina rungume da kwali a cinya.

Awa shida, rana na nan.
Awa tara, na ɗaga murfin taga, tana nan,
can ƙasa kuma wani abu fari fat,
ban sani ba, gajimare ne ko ƙanƙara.
Muna binta tana gudu,
ba mu kama ta ba, ba ta ɓace mana ba.

Eduvigis a daren Talata ta tafi,
ƙarfe biyu da kwata, hannunta a nawa.
Shekara uku ke nan duk Talata
idona biyu har agogo ya wuce wurin.
Ina nan ina jira duhu ya zo in yi tsaron da na saba
sai ma'aikaciyar jirgi ta miƙo shayi,
ta ce, mun shiga Laraba fa.
Na ce, daren fa?
Ta yi murmushi irin na wadda aka sha tambaya:
yau ba a yi shi ba.

Ashe akwai inda ake tsallake dare
kamar yadda ake tsallake kwata.
Ban san ko godiya zan yi ba, ko neman gafararki.
Shayin ya huce a hannuna.

A Sidni wani jami'i ya buɗe kwalin,
ya juya takalman a tafinsa, jar fata, igiya fara,
ya shinshina, ya ce na wuce.
Ga Rayén, ta rame, ta yanke gashi.
Ga yarinyar, Amankay, tana kallon fitilu,
ba ruwanta da wanda ya haye teku.

A kan benci, kafin mu nemi mota,
na durƙusa, gwiwata na ƙara,
na kama ƙafar, ɗumi kamar burodin safe.
Ba su shiga ba.
Awon da aka aiko min na wata biyu ne da suka wuce,
ta ƙaru da faɗin yatsa ɗaya.
Rayén na dariya, hawaye na zuba,
ni ina auna tazarar da babban yatsana.
Wannan lambar dai na san inda zan sa ta.

An ce ranar komawa za a biya ni bashina,
dare zai taro mu da wuri a tsakiyar ruwa.
To, ya jira.
Na tambayi Rayén inda ake sayar da fata a garin nan.